Darasi na Tara: Sinadarai da Ɓoyayyen Haske a Rumfar Gyaran Jiragen Sama

Ba a taɓa jirgin sama da ka. Duk notin da aka kwance, duk man da aka zuba, duk tayar da aka canja, sai an rubuta a takarda, injiniya mai lasisi ya sa hannu, kafin jirgi ya tashi da mutane. Wannan tsari ne ya sa tafiyar sama ta zama abin dogaro. Amma a rumfar da ake aikin, wadda ma'aikata ke kira hanga, akwai abin da ba kasafai yake samun irin wannan kulawa ba, wato jikin mai gyaran kansa. A kansa wannan darasi zai yi magana. An shirya shi domin masu niyyar koyon sana'ar, irin masu neman shiga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, da kuma masu fenti da masu wanke jirgi da leburori da masu shara. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi cuɗanya da sinadarai, su ne kuma aka fi mantawa da su idan ana horo.

Abu guda nake so ku riƙe tun daga nan: zafin abu ko warinsa ba ya nuna girman haɗarinsa. Sinadari yana shiga jiki ta numfashi, ta fata, ko ta baki, kuma da yawa daga cikin mafiya muni suna shiga ba tare da mutum ya ji komai ba.

Wanda ke gargaɗi

Manyan jiragen fasinja suna motsa birki da ƙafafun sauka da sassan fukafukai da ƙarfin wani ruwa da ake matsawa a cikin bututu, man haidirolik. Wanda aka fi sani shi ne Skydrol, mai launin shunayya, wanda kamfanonin Monsanto da Douglas suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1940 saboda ba ya saurin kama wuta. Ya raba jirage da yawa da gobara, amma ba ya tausayin jiki. Yana cin fenti, yana narka wasu robobi, idan kuwa ɗigonsa ya faɗa ido sai mutum ya ji kamar an watsa masa barkono. Shi ya sa babu bakaniken da ke wasa da shi sau biyu. Taimakon farko ruwa ne mai tsabta: a buɗe idon a yi ta kwarara masa aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Kada a murza, kada a ɗiga wani abin da wani ya ce yana magani.

Babban haɗarin man nan yana cikin matsi. Yawancin jirage suna aiki da matsin 3,000 a ma'aunin da ake auna iskar taya, kusan ninki 100 na tayar ƙaramar mota. Airbus A380 da Boeing 787 kuwa 5,000 ne. Idan bututu ya sami ƙaramar huda, man yakan fito da siririn ƙarfi ya huda fata ya shige cikin nama. Raunin da ake gani a waje ɗan ƙarami ne, sai mutum ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, alhali a ciki nama na mutuwa. Irin wannan rauni aikin likitan tiyata ne cikin awoyi kaɗan, jinkiri yana kai ga yanke yatsa ko hannu. Don haka ba a laluben yoyo da hannu, kuma ba a kwance bututu sai an sauke matsi.

Waɗanda ba sa gargaɗi

Ku leƙa ramin da tayar jirgi ke shiga, za ku ga fenti kore mai ɗorawa-ɗorawa. Shi ne shafin farko da ake yi wa alminiyam don kada ya ci tsatsa, kuma shekaru da dama abin da ke ba shi wannan ƙarfi shi ne kuromet, wani nau'in kuromiyam da masana ke kira na shida. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa shi a rukuni na ɗaya, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum ciwon daji. Nasa na huhu ne. Yana kuma cin bangon da ya raba kafofin hanci har ya huda shi, ya bar gyambo a hannun da ke da ɗan rauni. A 2006 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta rage iyakar abin da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa daga maikirogiram 52 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, a aikin awa 8. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ma'ana, ƙurar da ta isa ta yi ɓarna ido ba ya ganinta. Mai feshin fenti yana shaƙarta, haka wanda ke goge tsohon fenti da samfefa, haka mai sharar da ya zo bayansu da busasshiyar tsintsiya. Mafi muni shi ne wanda ya ɗauki tiyon iska ya hure ƙurar daga jikinsa ko daga kan tebur, don ya raba wa duk wanda ke rumfar. Ana kwashe irin wannan ƙura ne da injin tsotsa mai matata ta musamman, ko da jiƙaƙƙen tsumma.

Kadmiyam ɗan'uwansa ne a wannan rukuni. Da shi ake lulluɓe notuna da ƙarafan ƙafar sauka. Yana zaune lafiya har sai an kankare shi da burushin waya ko an ɗora masa wuta, sai ya tashi ƙura ko hayaƙi. Idan ya shiga jiki yakan taru a ƙoda ya shekara goma ko fiye bai fita ba.

Fentin sama mai ƙyalli, wanda ake haɗa gwangwani biyu kafin a fesa, yana ɗauke da aisosayanet. Wannan yana cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki a duniya. Halinsa abin tsoro ne. Mutum yana iya shekaru yana aiki da shi lafiya, rana ɗaya jiki ya ƙi shi, daga nan ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya ɗaure. Sau da yawa ciwon ba ya tasowa a wurin aiki, sai dare ya yi mutum yana gida, shi ya sa ake ɗora laifin a kan sanyi ko ƙura. Alamar da za ku lura da ita ita ce tari da shessheƙar da ke sauƙi ranar hutu, su dawo idan an koma aiki. Wanda jikinsa ya kai nan, galibi sai ya bar fenti gaba ɗaya, sana'ar da ya ɓata shekaru yana koyo.

Sai ruwan cire fenti. Mai ƙarfinsu, metilin kulorayid, tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa da cikin rami, kuma hanta tana juya shi ya zama kabon monoksayid, gubar nan ta hayaƙin janareta. Ya kashe mutane a wurare marasa iska, har Amurka ta hana sayar wa jama'a ruwan cire fenti mai ɗauke da shi a 2019, ta kuma hana yawancin amfaninsa a 2024. Sauran ruwayen wanke maiƙo, su tina da toluwin da makamantansu, suna sa jiri da ciwon kai a take, suna taɓa jijiya da ƙwaƙwalwa idan aka daɗe. Tsohon ma'aikaci zai ce muku shi ya saba, ba ya ma jin warin. Hancinsa ne ya daina kawo rahoto, huhunsa bai daina karɓa ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sabo turken wawa.

Cikin tanki

A manyan jirage, fiffike shi ne tankin mai. Ana toshe gaɓoɓinsa daga ciki da wani danƙo, idan kuwa ya fara yoyo dole mutum ya shiga ta ƙaramar ƙofa, yana jan ciki, ya kankare tsohon danƙo ya shafa sabo. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kuma ba a shiga tanki idan ta gaza 19.5. Man jirgi, Jet A-1, kananzir ne, yana fara fitar da tururin da ke kama wuta daga zafin digiri 38 ko sama kaɗan. A bazarar Kano ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke kai digiri 40 a inuwa, fiffiken da ya wuni a rana yana iya wuce wannan iyaka. Saboda haka sai an tsiyaye tanki, an hura masa iska, an auna da na'ura, an ba da izini a rubuce, an kuma tsayar da mutum a bakin ƙofa wanda ba shi da wani aiki sai kallon na ciki. Idan na ciki ya faɗi, na waje ba ya afkawa ba tare da kayan numfashi ba, don abin da ya kayar da na farko yana nan yana jiran na biyu.

Labarin da kowane mai wannan sana'a ya kamata ya sani ya faru ne a Ostireliya. Daga 1977 zuwa farkon 2000, a sansanin sojan sama na Amberley, an riƙa tura ma'aikata cikin tankunan jiragen yaƙi samfurin F-111 suna cire danƙo da sinadarai masu ƙarfi, su yi awoyi a matse. Suna kukan ƙuraje da ciwon kai da mantuwa da kasala da saurin fushi, ana duba kowa shi kaɗai ana sallamarsa, ba a haɗa kukan wuri guda ba. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 2001 ya gano cewa mutum fiye da 400 sun sami illa mai ɗorewa, kayan kariyar da aka ba su ba su dace da sinadaran ba, kuma rundunar ta fifita tashin jirage a kan lafiyar masu gyaransu. A 2005 gwamnati ta ware wa waɗanda suka fi daɗewa a aikin dalar Ostireliya 40,000 kowanne. Ku lura, wannan ƙasa ce mai arziki da likitoci da dokoki, amma aka shekara fiye da 20 ana wannan ɓarna. Abin da ya rasa shi ne mai sauraron ƙaramin ma'aikaci, da mai tambayar dalilin da ya sa mutanen sashe ɗaya ke kawo ciwo iri ɗaya.

Abin da ke bin mutum gida

Man injin jet yana ɗauke da wani sinadari, tirikiresil fosfet, da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Wani nau'insa guba ce ga jijiya. A 1959, a birnin Meknes na Maroko da kewayensa, wasu 'yan kasuwa suka gauraya man girki da man injin jirgin sama, kimanin mutum 10,000 suka sami shanyewar ƙafafu da hannuwa. Na kawo wannan ne saboda ɗabi'ar da muka sani: jarka ko duro mai kyau ba ya zama a bola. Mazubin da ya taɓa ɗaukar man jirgi ko sinadari ba ya komawa na ruwan sha ko na man gyaɗa, komai wankin da aka yi masa. Haka kuma ba a zuba sinadari a robar ruwa ko kwalbar lemo a ajiye a gefe.

Man ƙananan jirage masu farfela, mai launin shuɗi, har yau yana da dalma a ciki. Wanke hannu da shi, ko da kananzir ko tina kamar yadda kanikawa suka saba, yana kwashe maiƙon da ke kare fata, ta tsattsage, hanya ta buɗe wa duk abin da zai biyo baya. Mu masu cin abinci da hannu ne, don haka sabulu da ruwa kafin cin abinci wajibi ne, kuma goro ko ƙosai ba sa zama a aljihun rigar aiki. Rigar kanta a bar ta a wurin aiki a wanke ta a can. Wanda ya kai ta gida ya kai wa matar da za ta wanke ta, da yaron da zai tarye shi da gudu, ƙurar kuromet da dalma.

Hasken da ido ba ya gani

Launukan bakan gizo suna ƙarewa a shunayya. Bayanta akwai wani haske da idon mutum ba ya kamawa, altirabayolet, wanda ake taƙaitawa UV. Nau'i uku ne, A da B da C. Na rana da ke isowa gare mu A ne da ɗan B, shi C sararin sama yana tare shi, sai dai walda da wasu fitilu suna samar da shi a ƙasa. Ba a jin sa a matsayin zafi. Ranar hazo ko lumshi tana rage shi, ba ta kawar da shi ba.

Wuri na farko da bakanike ke haɗuwa da shi shi ne filin da jirage ke tsayawa, inda babu inuwa, siminti da farin jikin jirgi kuma suna mayar da haske ta ƙasa da ta gefe. Ma'aunin ƙarfin wannan haske yana ɗaukar 11 zuwa sama a matsayin matuƙa, kuma a ƙasashenmu tsakar rana tana kai wannan a watanni da yawa. Ƙarfin yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk tsawon mita 1,000, don haka sanyin Jos ba kariya ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2019 kusan mutum 19,000 suka mutu da wani nau'in ciwon dajin fata saboda aiki a rana. Wani zai ce wannan ciwon Turawa ne. Gaskiya ne baƙar fata tana da kariya mai yawa, amma ido ba shi da irinta. Rana tana gaggauta yanar ido, tana kuma tsiro da wani jan nama daga gefen farin ido da ke rarrafe zuwa baƙin. Abokin aiki zabiya kuwa haɗarin ciwon dajin fata a gare shi babba ne ƙwarai, haƙƙinsa ne a tsara masa aiki a inuwa. Wasu magunguna ma, irin su doksisaikilin, suna sa rana ta ƙona fata da sauri.

Wuri na biyu ɗaki ne mai duhu. Tsagar da ke karya ƙarfen jirgi tana farawa ƙarama, ido ba ya ganinta. Sai a shafa wa ƙarfen wani ruwa mai shiga tsaga, a goge, a haska fitilar UV nau'in A, tsagar ta fito da haske kore. Mai dubawa yana riƙe da ƙarfen a hannu ɗaya, fitila a ɗayan, awa bayan awa. Tsofaffin fitilu masu zaiba suna da baƙin gilashi a baki da ke tare nau'in B da C. Idan gilashin ya tsage, fitilar tana ci gaba da aiki kamar babu komai, tana zubo haske mai ƙona ido. A duba shi kullum kafin a kunna, wanda ya tsage a ajiye fitilar. Sababbin fitilu sun fi aminci ta wannan fuska, amma haskensu mai ƙarfi ne. Ba a kallon bakinsu, ba a haska fuskar wani, ana sa tabarau mai tare UV da safar hannu da riga mai dogon hannu. Tabarau mai yin duhu da kansa ba ya shiga wannan ɗaki, don zai ɓoye tsagar da ake nema.

Na uku walda ce. Ciwon idon walda ba ya zuwa a take, sai bayan awa 6 zuwa 12, yawanci da dare: hawaye, jin tsakuwa a ido, gudun haske. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma maimaita shi ba alheri ba ne. Wanda ya fi kamuwa shi ne mai riƙe wa mai walda ƙarfe da mai wucewa, shi ya sa ake kewaye wurin da labule. A 2020 kuma wasu kamfanoni sun fara kashe ƙwayoyin cuta a cikin jirgi da fitilun nau'in C. Idan suna kunne, babu mai shiga.

Kariya da haƙƙi

Takunkumi da safar hannu su ne katanga ta ƙarshe. Kafin su, ana tambaya ko akwai sinadari mai sauƙi da zai yi aikin, kuma a jirgin sama littafin kamfanin da ya ƙera shi ne kawai ke ba da wannan izini. Sai injin da ke zuƙe tururi daga inda yake tashi, sai raba mai fenti da sauran jama'a, sai rage lokacin da mutum zai yi a wurin. Waɗannan nauyin mai kamfani ne. Kamfanin da ya raba takunkumin ƙura ya ce ya gama, bai fara ba.

Takunkumin ƙura ba ya tare tururi. Mai matatar gawayi yana tarewa, amma matatar tana cika, dole a riƙa canja ta bisa ƙa'ida. Mai fesa fenti na gwangwani biyu iska mai tsabta ake turo masa ta tiyo. Akwai kuma maganar gemu, wadda ta shafi da yawa daga cikinmu: takunkumin da ke manne wa fuska ba ya kamawa a kan gashi, iska mai guba sai ta bi ta gefe. Mafita tana nan, wato hular da ke rufe kai gaba ɗaya ana hura mata iska. Mai gemu ya nemi a ba shi ita. Safar hannu ma iri-iri ce. Naitiril tana tare man jirgi, amma wasu ruwayen wanke maiƙo suna ratsa ta cikin mintoci. Butil tana tare Skydrol, ba ta jure kananzir.

Ina za a san wadda ta dace? Kowane sinadari yana zuwa da takardar bayanin aminci mai sashe 16. Sashe na 2 yana faɗin haɗarinsa, na 4 taimakon farko, na 8 kayan kariya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda karatunsa bai kai ba ya sa a karanta masa, babu kunya a ciki. A Nijeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, kuma mai kamfani ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi, ba a cire wa ma'aikaci. Amma ciwon da ya bayyana bayan shekara 15 yana buƙatar shaida. Ku samu littafi ku riƙa rubuta sunan sinadarin da kuka yi aiki da shi da wurin da lokacin, ku kuma gaya wa likita sana'arku tun kafin ya tambaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙurar kuromet ta fi Skydrol saurin yaudarar ma'aikaci?
2. Abokin aikinku yana tari da dare, yana samun sauƙi ranar hutu. Me za ku zarga, kuma me za ku ce masa?
3. Waɗanne abubuwa ne dole a yi kafin mutum ya shiga tankin jirgi?
4. A labarin Amberley, me ya hana a gano matsalar da wuri?

Aikin gida

Yawancin waɗannan sinadarai suna nan a garejin fentin mota da shagon walda na unguwarku. Ku ziyarci ɗaya, ku gaisa da maigidan wurin, ku nemi izini ku duba gwangwanaye uku. Ku zana alamomin haɗari masu jan baki da kuka gani a jikinsu, ku tambayi masu aikin da me suke wanke hannu, da inda suke wanke rigunansu. Ku zo da abin da kuka samu a zama na gaba, wanda kuma ya ga mazubin sinadari da ruwan sha a ciki kada ya jira zama na gaba, ya yi magana a wurin.